Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lantarki kan tashoshin wuta na iska

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Duk sanda aka zo maganar tashar iska megawat, wato ma'aunin yawan wuta, kawai ake faɗa mana, wai 100, wai 200, sai a tafa a watse. To wannan adadin ai na ranar da iska ta kaɗa yadda ake so ne. Fankar da iska ke juyawa ba ta soma ba da wuta sai iska ta kai kamar mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, in kuma ta wuce wajen mita 25 injin da kansa yake tsayawa don kar ya lalace. Abin da ya fi ɗaure kai, in gudun iska ya ragu da rabi wutar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. Shi ya sa tashar kan tudu, wato wadda ba a teku take ba, in ka haɗa lissafin shekara da kyar take wuce kashi 40 cikin 100 na abin da aka rubuta mata a takarda, da yawa ma ba sa kaiwa nan.

Wannan ba laifin iska ba ne, haka Allah ya yi ta, kuma Denmark na samun fiye da rabin wutarta daga gare ta. Ni damuwata ita ce ranar da babban layin rarraba wuta ya samu matsala, me tashar za ta yi? Za ta daure ko za ta zame daga layin?

A 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da turakun wuta a jihar Kudancin Ostareliya, ƙarfin wuta ya yi ta faɗuwa yana tashi, sai na'urorin kariya na tashoshin iska suka janye megawat 456 cikin daƙiƙu kaɗan, layin da ke kawo wuta daga jihar Biktoriya ya kasa ɗaukar nauyin ya yanke, jihar Kudancin Ostareliya gaba ɗaya ta shiga duhu. Fankokin lafiyarsu lau fa, saitin na'urorin kariyar ne, kuma su kansu masu kula da babban layin ba su san da shi ba sai bayan an yi ɓarnar. Haka a Ingila 9 ga Agusta 2019, tsawa ta faɗa kan layi, tashar iska ta Hornsea da ke cikin teku ta zame, wata tashar gas ma ta bi ta, wuta ta ɗauke wa masu mita kimanin miliyan ɗaya.

Don haka ranka ya daɗe, kafin a jona kowace tasha a auna iskar wurin na aƙalla shekara guda cur, a gwada injinan a ga ko za su jure faɗuwar wuta ba tare da sun fice ba, kamfani ya miƙa saitin kariyarsa a rubuce. Sannan don Allah a faɗa mana nawa za ta iya bayarwa a awannin da jama'a suka fi jan wuta, da abin da zai toshe giɓin in iska ta kwanta kwana uku a jere, batir ne ko gas ko madatsar ruwa. A riƙa wallafa alƙaluman duk wata mu ma mu gani.

Na gode, a huta lafiya.