Ƙungiyoyin Agaji Su Yi Wa Iyaye Mata Magana Da Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Rahoton ƙungiyar likitoci ta MSF, cewa yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025, ya tsaya mini a rai.

Damuwata ita ce, yawanci da Turanci ƙungiyoyin agaji ke fitar da bayanansu, uwar da abin ya shafa kuwa ba ta ji ba. A unguwarmu na ga wata baiwar Allah tana raba wa 'ya'yanta huɗu abincin gyaɗar nan na asibiti, alhali magani ne na mara lafiyan kaɗai. Ba wanda ya zaunar da ita ya fahimtar da ita.

Ina roƙon ƙungiyoyin su horar da jami'ansu yin bayani da Hausa a rediyo, su kuma ja ungozomomi da limamai a jiki.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Sauri, Katsina