Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: Gara Ce Ke Karanta Bincikenmu

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya fama da jama'a. Ba zan tsare ka da doguwar gaisuwa ba.

Ni malami ne a wata jami'a a nan Arewa. Makon jiya na shiga ɗakin da muke jibge kundayen digiri, ina neman aikin wani ɗalibina kan yadda makiyaya ke yi wa shanu maganin sammore da ciwon hanta. Yaron nan ya kwana a rugage, ya sha nono da cizon sauro, ya rubuta sunan kowace saiwa da kowane sassaƙe, da yadda ake jiƙawa, da lokacin da ake ɗura wa dabba. Na tarar da kundin a ƙarƙashin tari, gara ta cinye babi na huɗu. Biyu daga cikin dattawan da ya yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya.

Za ka ce me ya hana a buga. Ranka ya daɗe, a ina? Mujallar tsangayarmu sai ta ga dama take fitowa. Edita malami ne mai aji cike da ɗalibai, ba a biyansa ko sisi, sai ya bi marubuta da roƙon kuɗin tantancewa da kuɗin shafi kamar mai tara gudunmawar biki. In an yi sa'a an buga, kwafin ya ƙare a akwatin motarsa. Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna. Maƙalar da aka rubuta da Hausa, a mujallar gida, makin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba. Tambaya ɗaya ce: tana cikin Scopus, wato jerin mujallun ilimi da wani kamfanin Turai ke tantancewa? To mun gane karatun. Sai mu ɗauki ilimin kakanninmu mu juya shi Turanci, mu ciyo bashi mu sayi dala, mu aika Turai. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a bar maƙalarsa kowa ya karanta kyauta. A lissafa min albashin wata nawa ke nan na babban malami. In kuma ba ka biya ba, a rufe aikin, ɗakin karatun jami'arka ma sai ya biya kafin ya leƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce mana rubutun ilimi baƙo ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu kan maganin basir da kan ciwon ido, ban da tarihi da sha'anin mulki. Rubuce-rubuce irin waɗannan, na Larabci da na ajami, suna nan a Gidan Arewa da ke Kaduna, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da can Yamai, da kuma cikin gafakokin gidajen malamai da ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Amma babban jerin sunayen marubutan wannan yanki da ayyukansu, a birnin Leiden na ƙasar Holan aka buga shi a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi John Hunwick. Ban ga laifinsa ba, ya yi aikinsa, mun gode. Mu ne abin tambaya. Ko a zamanin Turawa an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, ta biyo baya, littafin Hausa yana kaiwa ƙauye. Yau jami'o'i sun cika ƙasa, kundin digiri na uku ba ya tsallake ƙofar sashe.

Ka fi ni sanin alkawuran. A 2006, a Khartum, ƙasashen Tarayyar Afirka suka amince su riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike. Har yau muna zuba ido. Harajin ilimi da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ke rabawa, wanda gwagwarmayar ASUU ta haifa tun 1993, ya tashi daga kashi 2.5 zuwa kashi 3 a 2023. Akwai ma tsarin mayar da rubutun malamai littafi, da na tallafa wa mujallu, an kuma gina cibiyoyin ɗab'i a wasu jami'o'i. Madalla. Gini dai mun iya, ga fenti ga allon suna. Amma littattafai nawa suka fito daga cikinsu da Hausa, ko Fulfulde, ko Kanuri? Ɗalibin Gashuwa a wane kanti zai same su?

Don Allah, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai kai kuɗin ƙofar jami'a guda ba. Ka kira hukumar kula da jami'o'i, NUC, da shugabannin jami'o'i, a daidaita makin maƙalar da ta tsallake tantancewar ƙwararru, ko da wane harshe aka rubuta ta, ko a ina aka buga. Sannan a zaɓi 'yan mujallu masu tarihi, irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, a ba su kuɗin shekara biyar a jere, da edita mai albashi, a ɗora su a intanet kyauta ta AJOL, dandalin mujallun ilimi na Afirka. Wanda ya kasa fitowa a kan lokaci a yanke masa. Maganar masu fassara da ta tsadar takarda, mu bar ta sai wani jiƙon.

Ragowar kundin nan na kai an yi min hotonsa da kuɗin aljihuna. Mai shi yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, na kira shi na tambaya ko yana da babi na huɗu a kwamfuta. Ya ce kwamfutar ya sayar lokacin da matarsa za ta haihu.

Naka,
Wani malamin jami'a daga Arewa