Wasika zuwa ga Edita: A rika ba mu labarin binciken sankara

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah jaridarku ta rika kawo mana labarin binciken da masana ke yi a dakin gwaje-gwaje kan sankarar mama da ta kwakwalwa, wallahi abin na ci min rai tun da na ga yayata gashinta duk ya zube a kan matashin kai saboda maganin kemo. A 1998 aka amince da maganin Herceptin ga mata masu wani nau'in sankarar mama da ake kira HER2, kuma ya ceci rayuka da dama, amma ta kwakwalwa irin giliyobilastoma har yau tana ba likitoci wuya domin akwai shingen da ke hana yawancin magunguna wucewa daga jini zuwa kwakwalwa, shi ya sa ake ta neman hanyar tsallake shi. Ku yi mana bayani da Hausa yadda za mu gane.

Naku mai karatu.