Takardar Koke Kan Burtali da Ɓarnar Gona Kafin Kaka

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoma da makiyayan wannan yanki na ƙasar Haɗeja muna roƙon a zauna da mu tun gero bai nuna ba. Rigima a nan lokacinta sananne ne: an cire gero, dawa da wake suna gona, garken shanu kuma na gangarowa daga arewa zuwa fadama.

Babban ciwon shi ne burtali. Kowace damina mai gona yakan ƙara kunya ɗaya ko biyu, har hanyar da garke ke bi a yalwace ta koma ta jaki. Saniya kuwa ba ta san iyaka ba. Muna roƙon a fito da Sarkin Noma, Arɗo da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, a bi ta da ƙafa har mashaya. Turakun siminti kaɗai ba sa isa, ana tuge su da dare. A dasa aguwa a tsakaninsu, tunda shanu ba sa cin ta, kuma idan ta kama ba a matsar da ita a ɓoye. Masu lambu su bar mashiga a bakin ruwa.

Sai ɓarna. A kai ƙara wurin mai unguwa a ranar da aka yi ta, tun sawu bai ɓace ba. Mutum huɗu su je, biyu daga kowane ɓangare, su ƙiyasta a dami ko buhu bisa farashin kasuwar makon, a rubuta, a biya gaban shaidu cikin kwana bakwai. Idan aka bari ta kwana, garken ya yi gaba, sai a huce kan rugar da ta yi shekara da shekaru tare da mu ba ta ci komai ba. Daga nan ake fara ƙone-ƙone.

A hana kiwon dare da barin yara su kaɗai da garke. Manomi kuma kada ya sari dabba ko ya cinna wa kara wuta don ƙeta. Baƙon makiyayi ya fara sauka wurin Arɗo. Ranar sakin shanu cikin gonaki a yi shelarta a kasuwa da masallacin Juma'a, bayan an kwashe dawa.

Allah ya ja zamaninka.

Sarkin Noma, Arɗo da Liman,
a madadin jama'a.