Takardar Koke Kan Kayan Wayar da Kai na Lafiya da Guraben Koyon Aikin Gwamnati

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu ma'aikatan lafiya masu ritaya, unguwarzoma, malaman makaranta da iyayen ɗalibai muna gabatar da koke a kan abubuwa biyu da a ganinmu igiya ɗaya ta ɗaure su. Kayan wayar da kai na lafiya suna zuwa, amma ba su da mai kai su gida-gida ya yi bayani. Matasan da suka dace da wannan aiki kuma suna zaune, ba sa jin labarin guraben koyon aiki na gwamnatin jiha sai an rufe karɓa.

Bari mu fara da gudawar yara, don a nan ne ƙaramin kuskure yake kisa. A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Fostar da ke bangon asibiti takan nuna hoton uwa da kofi, shi ke nan. Ba ta gaya mata cewa ƙullin iri-iri ne, wani na lita 1, wani na ƙasa da haka, don haka sai a duba abin da aka rubuta a jikinsa. Uwa takan rage ruwa da nufin maganin ya yi ƙarfi, gishiri ya yi yawa, yaron ya ƙara galabaita. Wata takan ajiye haɗin har kwana biyu, alhali bayan awa 24 zubarwa ake yi a haɗa sabo. Zinki kuwa da yawa suna dainawa ranar da gudawar ta tsaya, ba su san cewa sauran kwanakin ne suke rage dawowar ciwon a watannin gaba ba. Wannan bayani ba ya shiga kai da kallon bango. Sai wani ya zauna da kwalbar da aka auna ta cika lita 1 ya haɗa a gaban mata, sannan ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu ta haɗa da hannunta.

Haka rigakafi. Kwalbar allurar ƙyanda da aka saba kawowa ta yara 10 ce, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 ta tashi aiki. Saboda tsoron asara, wani ma'aikaci yakan ce wa uwar da ta zo da yaro ɗaya ta dawo wata rana, ita kuwa ba lallai ta dawo ba, duk da cewa ƙa'ida ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya. Ƙyanda tana buƙatar kusan kashi 95 cikin 100 na yara su samu allura biyu kafin ta daina yawo a cikin jama'a, saboda haka kowane yaron da aka mayar gida giɓi ne. Akwai kuma iyayen da katin yaro ya ɓace, suka ɗauka sai an faro daga farko, suka haƙura. Ba a farowa, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya. Jimla ɗaya ce, amma babu fostar da ke ɗauke da ita. Muna roƙon kowace cibiyar lafiya ta liƙa ranakun rigakafinta da lokacin buɗewa a ƙofar waje, a ba masu unguwanni kwafi, mai shela kuma ya tunatar ana gobe.

Sauran saƙonnin ba sa buƙatar dogon bayani, maimaitawa suke buƙata: mai juna biyu ta fara awo cikin mako 12 na farko, ta nemi zuwa sau 8 kamar yadda aka tsara tun 2016, tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada majina, maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 a shanye shi ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko, a auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da tef mai launi, idan ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa a ranar. A buga su da harshen da mutane ke ji, da manyan baƙaƙe, saƙo ɗaya a takarda ɗaya. Kafin a buga dubbai, a nuna samfurin ga mutum goma waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, a tambaye su abin da suka fahimta. Idan bakwai suka kauce, laifin takardar ne. A kuma naɗi saƙon da murya na minti ɗaya don turawa ta WhatsApp da gidan rediyo, domin wanda bai iya karatu ba yana da kunne. Abin da ya shiga sito a rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa. Takardar damina da aka raba da rani ta zama ta kunna wuta.

Ranka ya daɗe, wa zai yi wannan zirga-zirga? Ma'aikaci ɗaya ko biyu a cibiya ba za su bar layin marasa lafiya su shiga lungu ba. A nan guraben koyon aiki suka shigo, kuma a nan kukanmu ya fi yawa. Sanarwa takan fito a intanet kaɗai, da wa'adi gajere. Kafin ɗalibi ya ji, ya nemo takardar shaida daga makarantarsa, ya ɗauki hoton takardunsa, ya rage nauyinsu yadda shafin zai karɓa, an rufe. Wani kuma yakan cike komai, a watsar da shi don sunansa a takardar haihuwa ya saɓa da na sakamakon jarrabawa da harafi ɗaya, ba tare da an gaya masa ba. Sai kuma ruɗanin da ya fi ɓata rai: sanarwa ta ce mazauna jiha, mai tantancewa ya ce sai takardar shaidar asali. Mazauni daban, ɗan asali daban. Wanda aka haifa a nan, ya yi karatu a nan, iyayensa suna biyan haraji a nan, mazauni ne, kuma wasiƙar mai unguwa ta isa shaida.

Abin da muke nema ofishinka ya yi shi ne ya roƙi jiha ta riƙa aiko da sanarwa aƙalla kwana 21 kafin rufewa, a liƙa ta a sakatariya da cibiyoyin lafiya da makarantu, ɗauke da yawan guraben, sharuɗɗa, takardun da ake buƙata, tsawon lokaci da ko akwai alawus. A ware teburi ɗaya da kwamfuta a sakatariya, kwana biyu a mako, don cike fom kyauta. Bayan tantancewa a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka mazaɓa-mazaɓa, a ba da mako guda na ƙorafi. Jerin da aka ɓoye shi ke haifar da zargin alfarma, ko da an yi gaskiya.

Ɗauka kuma ba ita ce ƙarshe ba. Mai koyon aikin da ba a haɗa shi da kowa ba yakan ƙare a sayo kati da share ofis, a sa masa hannu a littafin rubuta ayyukansa ranar ƙarshe a dunƙule. Muna so kowane ya karɓi wasiƙa mai ranar farawa da ranar gamawa da sunan mai kula da shi, kada mai kula ɗaya ya riƙe fiye da mutum biyar, a duba littafin kowane mako. Waɗanda aka tura sashen lafiya a ba su horon mako guda, su fita bibbiyu, mace ta shiga wajen mata. A rubuta musu iyakarsu ƙarara: bayani, auna damtse, bin sawun yaran da suka tsallake rigakafi da tura mara lafiya asibiti. Ba rubuta magani, ba allura sai ga wanda karatunsa ya kai kuma ma'aikaci yana tsaye a kansa, ba ɗaukar hoton rajistar marasa lafiya da waya. Alawus, in akwai, a faɗi ranar biyansa, domin wanda ba shi da kuɗin mota a mako na uku zai daina zuwa.

Muna roƙon a ba mu ranar zama da shugaban sashen lafiya da jami'in kula da ma'aikata cikin kwana 30, a kuma amsa mana a rubuce. Za mu zo da samfurin saƙonni huɗu da muka riga muka tsara don a gwada. Sunayenmu da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya ja zamaninka.

Naku masu biyayya,
Masu koke, a madadin mazauna mazaɓun ƙaramar hukuma.