A Gwada Tsohon Jirgi a Kan Ruwa Kafin a Ɗora Masa Mutane

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani aiki da na ga wani bakanike ya yi a madatsar ruwa ta Sabke, kusa da nan Daura, wanda nake ganin ya kamata masu jiragen ruwa a jiharmu su yi koyi da shi.

Jirgin tsoho ne, na katako, mai injin Evinrude irin na shekarun 1970, kuma ya daɗe a jingine har rana da iskar hunturu suka busar da shi ƙarau. Kafinta ya sauya allunan da suka ruɓe, bakaniken kuma ya kwance injin, ya wanke kafireta, ya sa sababbin fulogogi, duk da wahalar samun kayan gyara tun da aka daina ƙera injunan Evinrude a 2020. Da aka tayar da injin cikin durom na ruwa a gareji ya yi ƙara mai daɗi, har mai jirgin ya fara gayyatar 'yan'uwa yawon shan iska, amma bakaniken ya ce atafau bai sallami aiki ba sai ya ga jirgin a kan ruwa. Hujjarsa ita ce, a cikin durom farfela dama ruwa kawai take yi, ba ta tura nauyin komai.

Ranar farko ko injin bai taɓa ba. An ɗaure jirgin a bakin gaɓa ya kwana biyu yana jiƙa, ana kwarfe ruwan da ya shiga, domin busasshen katako sai ya sha ruwa ya kumbura kafin tsagogin da ke tsakanin allunan su toshe. Bayan haka ya haɗa mai a gabanmu, rabin lita na baƙin mai a cikin lita 25 na fetur, kamar yadda irin wannan inji yake buƙata. Yana tayar da shi, idonsa na kan ruwan sanyaya inji da ke fita ta baya, saboda 'yar farfelar roba da ke jawo ruwan takan bushe ta tsattsage idan inji ya daɗe a ajiye, kuma idan ta ƙi aiki, cikin 'yan mintoci injin zai ɗauki zafi ya ƙone.

Sai da ya saka giya sannan aibin ya bayyana, domin injin da ya yi ta rawar gani a gareji nan take ya yi tari ya mutu. Ya zauna da sukudireba yana murza sukurun silo, wato mai daidaita juyin inji idan ba a buɗe totur ba, kaɗan-kaɗan, yana saurare, har injin ya zauna daram alhali jirgin yana tafiya. Daga nan ya buɗe totur a hankali, shi da yaronsa kaɗai, kowa da rigar kariya, da filafili a gefe, kuma ba su yi nisa da gaɓa ba. Ma'aunin juyi ya nuna injin bai kai inda ya kamata ba, wato wajen juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya, sai ya gane farfelar da ke tura jirgin ta yi masa nauyi, ya sauya ta da mai ƙaramar murɗa. Da suka dawo ya kwance fulogogi ya ga bakinsu ya yi ruwan ƙasa, alamar mai da iska sun daidaita, ya kuma ɗiga man giya a tafin hannu ya tabbatar bai yi fari kamar madara ba, wanda da ya nuna ruwa na shiga.

Ranka ya daɗe, ba mu manta da kifewar jirgi a Bagwai ta jihar Kano a 2021 ba, ko wadda ta faru a ƙaramar hukumar Mai'aduwa lokacin bukukuwan ƙaramar sallah a 2022, inda muka rasa yara da dama. Yawan lodi aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗurra, kuma gaskiya ne, amma jirgin da yake yoyo ko injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa ga iska tana kaɗawa, shi ma yana jefa fasinja cikin haɗari ko da bai cika ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙasa (NIWA) mai hedikwata a Lokoja ba za ta iya sa ido a kan kowace madatsa ba. Saboda haka ina kira ga gwamnatin jihar Katsina da ta haɗa kai da sarakunan ruwa a Sabke da Daberam da Zobe da Jibiya da Ajiwa, a hana duk jirgin da aka yi wa babban gyara ɗaukar mutane har sai an gwada shi ba fasinja a gaban sarkin ruwa, kuma a kammala wannan shiri kafin damina ta cika madatsun.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Daura