Wasiƙa zuwa ga abokina kan koren haɗin karin kumallo

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na ga ƙorafinka a kan haɗin ganye da 'ya'yan itace da ka fara markaɗawa da safe, wanda ake kira sumuti. Ka ce yana fitowa da ɓarɓashi, yana ɗaci, kuma kafin hantsi yunwa ta dawo. Duk ukun suna da magani.

Ɓarɓashin daga yadda kake zubawa yake. Fara sa ruwa ko madara kofi ɗaya, wato mililita 250, sai ganyen da ka wanke sosai cike da kofi a danne, ka kunna bilenda na daƙiƙa 30 zuwa 45 har ruwan ya zama kore sumul. Bayan nan 'ya'yan itace su shiga, kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ka juye komai lokaci guda, ayaba ce ke fara niƙuwa ta yi kauri, ganyen ya maƙale a sama wuƙar ba ta kai gare shi ba.

Ɗaci kuwa yawanci daga ganye ne. Ka fara da ɗanyen alayyafo mai ƙananan ganye, ka cire kara da jijiyar tsakiya, don nan ɗacin ya fi taruwa. Ka matsa lemun tsami rabi, amma kada ƙwallonsa ko farin ɓawonsa su faɗa ciki. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narka furotin, in ta haɗu da madara ko yogot aka bar su suka jima, sai haɗin ya koma ɗaci. In da abarba, ka yi da ruwa, ko ka sha nan take.

Maganar yunwa ce ta fi damuna, don ita ce ke sa mutane su watsar da abin gaba ɗaya. Ganye da ayaba da ruwa kawai ba karin kumallo ba ne, babu abin da zai riƙe ciki. Sai ka ƙara furotin da ɗan maiƙo. Ga haɗin da zai kai ka azahar: madara kofi ɗaya, alayyafo kofi ɗaya, ayaba ɗaya, rabin tuffa, yogot marar sukari rabin kofi, hatsin ot babban cokali 3, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya ko kwatan fiya. Maiƙon yana da wani amfanin bayan ƙoshi, shi ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A da K na cikin ganyen, kamar yadda bitamin C na lemun tsami ke taimakawa wajen tsotsar sinadarin ƙarfe.

Don Allah kada ka yi shi da lemon kwali, kada ka zuba sukari ko zuma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka tace cikin sukarin da ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ayabar da ta nuna sosai ta isa zaƙi. Ka ɓare ta, ka yanka, ka ajiye a firiza, za ta ba ka sanyi da kauri ba tare da ƙanƙarar da ke salamtar da ɗanɗano ba. Kuma kada ka tace bayan markaɗawa, abin da rariya ke riƙewa shi ne mai gyara ciki.

Ya fi kyau a sha da zarar an gama. In dole sai an ajiye, cika kwalba har baki, rufe gam, a firji, kada ya wuce awa 24. Iska ce ke mayar da shi ruwan ƙasa. In ya rabu biyu bai lalace ba, girgiza kawai.

Abu biyu ka kiyaye. Alayyafo yana da okzalet mai yawa, wato sinadarin da ke iya taruwa ya zama tsakuwar ƙoda, don haka duk wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya rage alayyafon, ya riƙa sauyawa da latas ko kokwamba. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin kuma ya tuntuɓi likitansa tukuna, saboda bitamin K na ganye yana rage ƙarfin maganin.

Ka gwada na mako guda ka rubuto min yadda ta kaya. A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka